Kwalbar da Grimanesa Ta Naɗe

Duk wanda ya bi hanyar coci a ƙauyenmu na bakin kogin Urubamba ya san ƙofar Grimanesa, ko da bai san sunanta ba. Ita ce ƙofar da ake kafa wa gora da jar leda a kai, alamar cica, giyar masara ta gida, ta nuna, a shigo a sha. Uwarta ta kafa gorar nan, kakarta ma ta kafa. Ita kuwa tun ba ta kai tsayin randa ba take shanya tsiron masara, tana korar kaji.

Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, kitso biyu har gadon baya, da farar malafa da ba ta rabuwa da ita sai a gaban Ubangiji. Ba ta taɓa fashin coci ba. Wurin zamanta a gefen hagu yake, daidai ƙafafun Budurwa Maryamu. In ta buɗe sabuwar randa, kofin farko na ƙasa ne, ta zuba wa Uwar Ƙasa rabonta sannan ta yi alamar gicciye. Fada Anselmo ya yi magana har ya gaji ya bari, ya koma shan nasa kofin a tsaye.

Mijinta Meliton manomi ne, mutumin kirki, amma Allah Ya ba shi baki. Haihuwa ta zo musu ta koma, ta zo ta koma, sai guda ɗaya ta tsaya, 'ya mace, Yovana. Da za a yi mata baftisma, Grimanesa ta ce ba za ta ba wa talaka irinta riƙon 'yarta ba. Da ƙafarta ta hau mota ta je birnin Cusco, da gasasshen ɓeran masar a ƙunshe, ta roƙi Eulalia. Eulalia mai shagon yadi ce a kasuwa, doguwa, da haƙorin zinariya, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ita ta riƙe yarinyar a gaban Fada, ita ta yi mata askin fari, ta ajiye mata tunkiya da ɗanta. Tun daga ranar suka zama komadre, wato uwar haihuwa da uwar baftisma.

To, 'yar'uwarka ta jini ka zage ta da safe ku ci abinci tare da rana. Komadre ba haka ba. Wadda ta riƙe maka ɗa a gaban Allah ba a ɗaga mata murya, ba a ce mata "ke", sai "ku", har kabari. Tsofaffinmu suna cewa wanda ya yi faɗa da komadrensa ko a lahira ba ya samun wurin zama. Ku riƙe wannan, don a nan wahalar Grimanesa take. Abin da ba ka da damar faɗa shi ne yake ruɓewa a ciki.

Da Yovana ta isa makaranta ta gaba, Eulalia ta ce a kawo mata ita. Grimanesa ta sa ta a mota da ƙunshin dafaffiyar masara da cuku, yarinyar ta manna fuska a gilashi tana kallonta har motar ta sha kwana. Hutun farko ta dawo tana kuka ba za ta koma ba. Hutu na biyu ta dawo da takalmi. Daga nan kuma sai "Madrina ta ce", wato uwar baftismarta. Madrina ta ce a wanke hannu da sabulu. Madrina ta ce ba a zama a ƙasa da kayan coci. Grimanesa sai ta ce, "Gaskiyar komadre ce," ta juya ta hura wuta har hayaƙi ya ba ta dalilin share ido.

Yarinya ta yi karatun sarrafa abinci, ta yi aiki a wani gidan cin abinci na baƙi a Cusco, a can ta koyi dafa giya irin ta kwalba. Wata rana sai ga ta a ƙofar gida da buhun tsiron sha'ir, da wani busasshen fure mai ɗaci a leda.

"Mama, ki ara mini babbar tukunyarki."

"Wadda nake dafa cicar Ista? Me za ki yi da ita?"

"Giya zan dafa. Tawa, ba ta kamfani ba."

Meliton ya ce, "Mun sayar da tunkiya mun sayar da jikokinta don kada ki gaji uwarki, ashe hanya kika zaga kika dawo murhu."

In ka tambayi Grimanesa lokacin da ta fi jin daɗin duniya, shi ne wannan. 'Yarta a tsakar gidanta, da tukunyarta, da itacenta. Aka kwashe ɓerayen masar daga ɗakin baya aka share. Grimanesa ce mai ɗebo ruwa, ita ce mai wanke kwalabe har fatar yatsunta ta yi fari. Dahuwar farko kwalaben suka riƙa fashewa ɗaya bayan ɗaya, Meliton ya kifa kwando a ka yana ihu wai soja sun shigo gari. Ta biyu ta yi. Yovana ta zuba wa uwarta, uwar ta ba ƙasa rabonta, ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Wannan ai maganin tsutsar ciki ne. Mutane za su ba da kuɗinsu su sha wannan?"

Suka bayar kuwa. Gidan cin abincin da ta yi wa aiki ya karɓa, na kusa da shi ya aiko, otal-otal na kwarin nan suka fara nema. Tukunya ɗaya ta kasa. Ana cikin haka sai ga babbar mota ta tsaya a ƙofar gida da tankuna na ƙarfe masu ƙyalli kamar madubi. Eulalia ce ta sayar da rabin shagonta ta saya wa 'yar baftismarta. Aka wanke tukunyar Grimanesa tas, aka mayar mata da godiya. Ta karɓa ta kife ta a bayan ɗaki, ta daɗe ba ta ɗora ta a wuta ba.

Ranar da aka kawo kwalabe masu takarda a jiki, Yovana ba ta nan. Grimanesa ta ɗauki ɗaya ta juya. Ba ta karatu, amma ai tana da ido. Hoton mace ne doguwa da 'yan kunne masu lilo, tana dariya, haƙori ɗaya yana walƙiya.

"Meliton, me aka rubuta a nan?"

"Ina gilashina ma yake?"

"Yana kan hancinka, tsohon banza. Karanta."

Ya yi tari. "Eulalia."

"Sai me?"

"Shi ke nan. Sai kuma a ƙasa an ce kada a sayar wa yara."

Ta ajiye kwalbar a hankali kamar ƙwai. Da Yovana ta dawo ta rungume ta tana cewa, "Mama, kin gani? Madrina har kuka ta yi." Grimanesa ta ce, "Ya yi kyau. Sun cancanta. Haƙorin ma ya fito." Daga ranar giyar ba ta sake taɓa leɓenta ba. Wai tana tayar mata da ciwon ciki.

Sana'a ta yi ta gaba. Yovana ta kama hayar tsohon rumbun masara a bakin titi, ta ɗauki samarin gari aiki, ta fito da wata mai jar masara, da wata mai ganyen ƙamshi na kan dutse. Motocin baƙi suka fara shigowa ƙauyen da a da ko mai sayar da gishiri sai an roƙe shi. Su wuce ta ƙofar Grimanesa, su ɗauki hoton gorarta da jar ledarta, su yi gaba. Wani direba ya leƙo ta taga ya ce, "Mama, ina ne gidan Eulalia?"

"Yana Cusco, bayan kasuwa. Nan gidan wadda ta yi naƙudar ne."

Bai gane ba, ya yi dariya ya ja motarsa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne yaran gari ma sun koma kiran Yovana 'yar Eulalia, ba da mugunta ba, haka bakinsu ya saba. Ran Lahadi ta durƙusa gaban Budurwa ta ce, "Uwa, ke ma ɗa guda kika haifa. Da an rubuta sunan wata a jikin gicciyenSa, ya za ki ji?" Sai ta tsorata da bakinta, ta kunna kyandir biyu maimakon ɗaya.

Aka zo aka gina sabon gidan giya, babba, da rufin jan kasko da tagogin gilashi, a filin da Meliton yake shuka wake a da. Sai maganar ranar tsarkakewa. Fada zai yayyafa ruwa, sannan a rataye kwalba a bisa ƙofa, an yi mata ado da fure da kirtani mai launi, wadda aka zaɓa ta ɗauki guduma ta fasa. In ta fashe bugu ɗaya, gida ya karɓi masu shi. In ta ƙi, kowa ya san abin da ake cewa. Kuma uwa ba ta fasa wa 'yarta kwalba, haka muka tashi muka gani. Nata aikin shi ne yi wa kwalbar ado.

Grimanesa ta san haka sarai. Amma ta ce a ranta, yarinyar da ta sa wando, ta tuƙa mota, ta ƙi aure har yanzu, wace al'ada ce ta rage da ba ta taka ba? Sai wannan ɗaya ce za ta tsaya a kai? Ta same ta tana wanke tanki.

"An sa rana, na ji."

"Ranar Asabar ta sama, Mama."

"Komadre kuwa an ce hannunsu na dama ya ƙi. Sanyin ƙashi. Ko cokali da ƙyar."

"Na sani. Na ce ta bari, ta ce ko da haƙori ne sai ta fasa." Yovana ta yi dariya. "Ke dai ki shirya mana kwalbar. Duk kwarin nan ba wanda ya kai ki iya naɗi."

Shi ke nan. Ko tunanin ba uwarta gudumar ma bai zo wa yarinyar ba. Da ta ce ta yi tunani ta fasa, da ya fi sauƙi.

Allah Ya raba mu da shawarar zuciya. Grimanesa ta je otal ɗin da ke bakin gada ta sayo giyar biki irin mai kumfa, mai kaurin gindi, wadda ko ta faɗo daga tebur sai dai ta gangara. Ta ciro ɗamararta ta ulu, saƙar uwarta, mai kauri kamar linzami, ta naɗe kwalbar da ita tun daga wuya har ƙasa, ta ja ta tamke. Sannan ta rufe da kirtani ja da kore da rawaya, ta soka furanni. Kyau kam ta yi kyau. Meliton ya shigo ya tsaya yana kallo.

"Kwalba kike naɗewa ko jariri kike goyo?"

"Je ka duba alade, kada ya ƙone."

"Grimanesa."

"Na ce ka je ka duba alade."

Ba ta nufi kowa da sharri mai nisa ba, wannan na gaskata. So take kawai a yi wa Eulalia dariya sau ɗaya a duniya, haƙorin nan ya shige cikin baki. Iyakar inda tunaninta ya tsaya ke nan. Amma da safen Asabar da ta bi ta ƙofar coci ba ta shiga ba, ta sunkuyar da malafa ta wuce.

Gari ya cika. Masu busa da ganga, gasasshen alade, dankali tuli, baƙi da na'urorin hoto. Eulalia ta sauko daga mota da sanda, ta rame, mayafinta na siliki yana jan ƙasa. Grimanesa ta tare ta da hannu biyu.

"Komadre, sannunku da hanya. Kun ga yadda kuka ƙara ƙuruciya? Kamar ku ne a jikin kwalba."

"Komadre, ai ku ne da godiya. Ni me na yi? Ku kuka haifa, ni na ɗan ƙarasa abin da ya rage."

"Kun ƙarasa kuwa, komadre. Har ba ku bar wa kowa saura ba."

Suka sumbaci juna a kumatu.

Fada Anselmo ya yi addu'a ya yayyafa ruwa a tankuna, da ƙofa, da kan ma'aikata. Aka miƙa wa Eulalia guduma mai ado. Masu busa suka yi shiru. Ta ɗaga da hannu biyu ta buga. Kwalba ta yi wani ɗif, ta yi lilo ta dawo tana neman goshinta. Mutane suka fashe da dariya, wani ya ce, "Uwargida Eulalia, ba yadi ba ne, ba a lallaɓa shi!" Grimanesa ta ji wani sanyi ya ratsa ta tun daga ƙirji har tafin ƙafa. Shekara da shekaru take jiran wannan daɗin.

Eulalia ta sake bugawa. Ɗif. Dariyar ta ragu. Ta sake, gudumar ta goce ta kwashe furanni kawai. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar kogi. Wani tsoho ya cire malafarsa. A bayan Grimanesa wata ta ce a hankali, "Gidan ya ƙi." Wata ta amsa, "Filin wake ne, ba a nemi izininsa ba." Wata uwa ta kamo rigar ɗanta da aka ɗauka aiki, tana jan shi baya.

Grimanesa ta waiga don ta ga yadda ake kallon Eulalia. Ba mai kallon Eulalia. Yovana kowa yake kallo. Tana tsaye a bakin ƙofarta da sabuwar riga, hannu a sake, da irin fuskar nan da ta manna a gilashin mota ranar da aka kai ta Cusco. Sai a lokacin Grimanesa ta tuna abin da ta sani tun tana yarinya: kwalba in ta ƙi, ba mai guduma take ƙi ba, mai gida take ƙi. Gobe ba wanda zai tuna hannun tsohuwa. Za a ce gidan Yovana ne ƙasa ba ta karɓa ba, kuma duk tankin da ya yi tsami, duk yaron da ya zame ya karye, a nan za a ɗora.

Ta ture mutane ta fito. Guduma ba tata ba ce, ba ta taɓa ta ba. Ta miƙa hannu biyu ta cafke kwalbar ta tsayar da lilon, ta cusa manyan yatsunta ƙarƙashin kirtani ta ja ɗamarar ƙasa, har kafaɗar kwalbar ta fito tsirara.

"Komadre, ku buga nan."

Eulalia ta dubi ulun da ya leƙo, ta dubi Grimanesa. "Hannunku fa, komadre?"

"Ku buga na ce."

Ta buga. Kwalba ta tarwatse, kumfa ya wanke su su biyun, masu busa suka ɗauka, aka yi ta ihu ana watsa furen takarda. Jini yana zuba daga hannun Grimanesa yana haɗuwa da giyar a bakin ƙofa. Tsohon nan ya mayar da malafarsa ya ce, "To, ƙasa ta sha giya ta sha jinin uwa. Gidan nan sai dai jikoki su gaji da shi." Uwar nan ta saki rigar ɗanta.

Ɗamarar ta faɗo cikin fasassun kwalba. Eulalia, da sandarta da ciwonta, ta sunkuya ta ɗauka kafin idon mutane ya kai, ta kakkaɓe, ta ninke, ta sa wa Grimanesa a cikin mayafi.

"Komadre, ɗamararku ta faɗi."

Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma har yau ba ta ƙara ba. Grimanesa ta ce da zagi ta yi mata a gaban jama'a da ya fi mata sauƙin ɗauka.

Yovana ce ta ja ta ciki, ta zaunar da ita a kan buhun sha'ir, ta wanke yankan. Ta ga ɗamarar, ta san saƙar kakarta. Ta naɗa mata bandeji.

"Mama."

"Me?"

"Tukunyarki tana nan?"

"Ina za ta je? Ƙafa gare ta?"

"Gobe in an taso coci zan zo shan cica."

Ta zo kuwa, kuma ba ta fasa ba. Duk Lahadi za ka gan ta a benci ƙarƙashin gorar, da babban kofi a hannu biyu, mai gidan giyar da ake kai wa har Lima, babban birnin ƙasar. Grimanesa ta je ta faɗa wa Fada abin da ta faɗa masa, ba mu sani ba, mun dai gan ta wata guda tana share coci ita kaɗai da hannun hagu. Yatsunta biyu na dama ba su sake lanƙwasuwa daidai ba.

Kada ku ce ta warke. A bangon gidan giyar an rataye babban hoton ranar: Eulalia da guduma, haƙori a waje, kumfa yana tashi. Ta gefe kuma hannaye biyu ne riƙe da kwalba, mai hoton ya yanke sauran. In baƙi sun taru suna kallo, sai Grimanesa ta ratso da malafarta ta dangwala yatsa a gilashin ta ce, "Hannun nan nawa ne. Wadda ta gina nan ma tawa ce."

Bara Yovana ta fito da sabuwar giya ta farar masara, mai ɗan tsami kamar cica. Grimanesa ta sa an wanke mata malafa, ta sayi 'yan kunne, ko za a zo ɗaukar hoto. Da kwalaben suka iso ta miƙa wa Meliton ɗaya ba ta ko duba ba.

"Karanta."

Ya gyara gilashi, ya matsa kusa da ƙofa tukuna. "Sunan dutsen nan ne na bayan gari."

"Dutse."

"Dutse, da ƙanƙara a kansa. Ya yi kyau, wallahi."

Ta karɓi kwalbar ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "To, shi dai ba komadrena ba ne." Ta fita tsakar gida, ta fuskanci dutsen, ta zage shi tas tun daga gindi har ƙanƙarar, da muryar da har bakin gada an ji. Da ta gama ta yi alamar gicciye, ta ɗauki gorarta da hannun hagu ta kafa a ƙofa.